Shekara Biyu Ina Cewa Ni Ce Ban Gane Ba

Ɗakin da na fara sauka a Kuala Lumpur ba ɗaki ba ne, falo ne aka raba shi uku da katako, a hawa na goma sha huɗu na wani bene a Wangsa Maju. Hoton da dillalin ya turo mini tun ina Katsina kuwa har da taga da koren labule. Na ajiye akwatina, na duba gabas na duba yamma, na ce masa, "Ina tagar?"

Ya tura ƙofar wani ɗaki da wata ɗaliba 'yar Indonesiya ke ciki tana ninke kaya, ya nuna mini taga. Ya ce ai gida ɗaya ne, in ina son iska in roƙe ta ta riƙa barin ƙofarta a buɗe. "Boleh lah," in ji shi, yana washe baki. Kalmar da na fara koya ke nan a ƙasar, boleh, wato zai yiwu. A wurin dillalai komai ma zai yiwu. Na so in zage shi, to amma da wane yare? Na zauna a kan katifa na sha kukana, na tashi na yi sallah ban ma tabbatar da alƙibla ba.

Sunana Hajara, malamar fiziks ce ni a wata jami'a a gida. Gwamnati ta ba ni tallafin karatun digiri na uku, shekara huɗu cif. Na baro mijina Abdulhadi da yara biyu, Sadik mai shekara shida da Nana mai shekara uku. Da dangi suka yi mini ca, shi ya tsaya ya ce a bar ni in tafi, zai riƙe gida. Abu ɗaya ya nema, cewa shekara huɗun nan ita ce iyaka, in dawo da takarda a hannu. Na ce masa ko uku da rabi ma ta ishe ni.

Ni da na taso a Katsina ina ganin na san zafi. Ashe namu busasshe ne, nasu kuwa jiƙaƙƙe, ka yi wanka ka fito kana neman wani. Ruwan sama kusan kullum da la'asar. Abinci duk da sukari ko madarar kwakwa, har miyar kifi. Akwai wani mamak kusa da tashar LRT, jirgin ƙasan cikin gari, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi, mai wurin tsoho ne, kowa Ankul yake ce masa. Mako biyu ina zuwa ba na cin komai sai roti, wata irin gurasarsu, da shayi, don shi kaɗai cikina ke karɓa. Rannan ban yi magana ba sai ga faranti a gabana, farar shinkafa da soyayyar kaza da barkono.

"Makan," ya ce, wato in ci. "Wannan babu sukari. Na san mutanenku."

Na ci ina share hawaye, na bar shi yana zaton barkonon ne.

Malamin da aka haɗa ni da shi sunansa Farfesa Razali. Siririn dattijo ne mai furfura, ya haura sittin da biyar, kullum da fensir a aljihun rigarsa. Ɗan manoman shinkafa ne daga arewacin ƙasar. Ya yi karatu a Turai, ya dawo lokacin da sashen fiziks ɗin bai wuce ɗaki biyu ba, babu kwamfutar kirki, da fensir da takarda ya yi aikin da ya fito da sunansa.

Bari in faɗi aikin a taƙaice. Kowa ya san maganaɗisu, ƙarfen nan da yara ke jan ƙusa da shi. To a cikin ƙwayoyin zarra na wasu ma'adinai akwai 'yan mitsi-mitsin maganaɗisu, kowanne da inda ya fuskanta, kuma dokokin da suke bi ba irin na abubuwan da muke gani da ido ba ne, su ake kira kwantum. A wasu ma'adinan kowanne so yake ya saɓa wa maƙwabcinsa. In su biyu ne magana ta ƙare, ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa. To in su uku ne a zaune kamar duwatsun murhu fa, na ukun wa zai saɓa wa? Fiye da shekara talatin da suka wuce Farfesa ya yi lissafi ya nuna cewa in aka sanyaya irin wannan ma'adini iyakar sanyi, a ƙarshe suna daidaitawa su zauna a tsari guda. Takarda ce mai shafi goma sha biyu. Ita ta kai shi kujerar farfesa, a kanta ake gayyatarsa taro ƙasashe, ɗalibai da yawa kuma a inuwarta suka yi digiri. Nawa aikin shi ne in ɗauki lissafin nan in faɗaɗa shi zuwa ma'adinai masu hawa-hawa.

Mutumin kirki ne, wannan ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Azumina na farko ya lura ba ni da kowa, ya kai ni gidansa shan ruwa, matarsa ta cika ni da abinci har da na tafiya da shi. Da ya ji ina tari ya sa aka matsar da teburina daga ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Tun daga nan na ɗauke shi uba, kuma wannan ɗaukar ce ta jawo mini duk abin da ya biyo baya.

A farkon shekara ta biyu sakamakona ya ƙi haɗuwa da nasa. Wata uku ina zargin kwamfuta, ina zargin kaina. Da na gaji sai na ɗauko takardar tasa na fara binta da hannu, layi-layi. A shafi na bakwai ya yar da wani ɓangare na lissafin, ya rubuta cewa ƙanƙane ne, ba zai canja komai ba. A wasu ma'adinan haka ne. A zaman uku-uku kuwa ba ƙanƙane ba ne, in aka mayar da shi wurinsa tsarin da ya ce suna zama a kai rushewa yake gaba ɗaya. Waɗanda suka riga ni daga sakamakon suke farawa, babu wanda ya koma ya tono tushe, ni ma da kwamfutar ba ta yi mini gardama ba da ban koma ba. Na sake lissafin sau biyar. Ranar Talata ce da hantsi a laburare, na rufe littafina kamar na ga abin da bai kamata in gani ba.

A gidanmu ba a gyara wa babba. Mahaifina hedimasta ne, na tuna wata rana ya yi kuskuren sunan wani gari a gaban baƙi, yayana ya yi karaf ya gyara masa. Kallon da mahaifiyarmu ta yi masa kaɗai ya hana shi cin tuwon ranar. Daga baya ta zaunar da mu ta koya mana hanya. In babba ya yi kuskure, sai ka ce kai ne ba ka ji da kyau ba, ko kai ne ba ka gane ba, ka roƙi a maimaita maka. Shi kuma ya san me kake nufi, zai sake dubawa ya gyara da kansa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Da wannan na girma, da ita na yi digiri biyu, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba, don duk malaman da na yi wa ita sun san ta.

Na shiga ofishin Farfesa da takardar, na zauna a gefen kujera.

"Farfesa, shafi na bakwai ɗin nan ne. Ni ce dai ban gane ba. Ɓangaren nan da aka yar, kaina ya kasa ɗauka."

Ya dube ni da tausayi. Ya miƙe ya zaro wani ƙaton littafi na 'yan digiri na biyu, ya ajiye a gabana.

"Babu kunya a rashin ganewa, Hajara. Karanta babi na huɗu da na biyar, ki dawo bayan wata ɗaya."

Na karɓa da hannu biyu, har da godiya. A jirgi ina komawa gida ina cewa a raina, ya ji, zai duba in na ba da baya, dattijo ne ba zai nuna a gabana ba. Wata ɗaya ya cika na koma, ya tambaye ni ko yanzu na gane. Na ce da saura, musamman shafi na bakwai. Ya ƙara mini babi biyu.

Na canja dabara. Na rubuta lissafin a tsanake, na zagaye layin da fensir a hankali yadda ba zai zama kamar tsawa ba, na ajiye a teburinsa, a sama na rubuta, "Ina roƙon a nuna mini inda na kauce." Bayan mako guda takardar ta dawo. Shafin farko kawai ya duba, ya rubuta, "Da kyau, ci gaba da karatu." Mutum ne mai taro da aji da ɗalibai takwas, wa zai zauna bin shafi ashirin na ɗalibar da ta ce da bakinta ita ce ta kauce?

Akwai wata yarinya a ɗakin bincikenmu, Mei Ling, 'yar asalin Sin ce haifaffiyar ƙasar, ba ta wuce ashirin da biyar ba. Wata rana Farfesa na rubutu a allo ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Prof, wannan ba daidai ba ne lah." Wallahi sai da na sunkuyar da kai don kunya. Shi kuwa ya duba, ya yi dariya, ya goge da gefen hannu, ya ci gaba. Da ina da wayo da na ɗauki darasi a nan. Abin da na ce a raina shi ne, ji marar tarbiyya. Na kuma ce ai wannan ɗan tuntuɓen alli ne, nawa kuwa aikin rayuwar mutum ne, mutumin da na ci abinci a gidansa.

Shekara ta uku ita ce ba na son tunawa. Na je gida mako uku a farkonta, Nana ta yi kwana biyu tana ɓuya a bayan mahaifinta, ranar da ta fara hawa cinyata saura kwana huɗu in dawo. Na dawo na zauna ina ƙoƙarin tanƙwara sakamakona ya yi kama da nasa. In canja nan, in taɓa can, ko Allah zai sa ni ce da kuskuren in huta. Addu'a nake yi a kan haka, kai! Kullum hanya ɗaya, lif, tasha, jirgi, bas, tebur, sannan a juyo. Na rame, hijabina suka yi mini yawa. Duk wata ina shiga ofishinsa in ce har yanzu shafi na bakwai bai zauna mini ba, duk wata yana ƙara sassauta murya kamar mai magana da marar lafiya. A waya Abdulhadi ya tambaye ni ya aiki, in ce alhamdulillahi muna ta turawa. Ban yi ƙarya ba, turawa nake, abin ne ba ya motsi.

A tsakiyar shekara ta huɗu kwamitin sashe ya zauna a kan rahoton ɗalibai. Aka ba ni kwafin nawa. Farfesa ya rubuta cewa ni ɗaliba ce mai himma da ladabi, amma har yanzu tushen fannin bai zauna mini ba, "kamar yadda ita da kanta ta sha faɗa." Kwamiti ya ba ni wata shida. In ban kawo sakamakon da zai zama kundi ba, za a rufe rajistata, izinin zamana ya ƙare, in koma gida hannu biyu.

Na karanta layin nan ya fi sau goma. Kamar yadda ita da kanta ta sha faɗa! Ashe duk tsawon lokacin nan mutumin nan maganata yake ɗauka yadda na faɗe ta.

Wurin Anti Saude na nufa. Tun shekarar farko muka haɗu a wani shagon yadi a titin Masjid India, ina duba hijabi sai na ji wata murya a bayana ta ce, "Kai, wannan ai fashi ne da rana tsaka." Na juyo muka kalli juna, muka rungume kamar mun shekara da sani. Bakanuwa ce, mijinta Dakta Kabiru yana koyar da harkar kasuwanci a wata jami'a mai zaman kanta, suna zaune a Bukit Jalil. Gidanta ne kaɗai nake cin tuwo da miyar kuka, kukar ma a akwati ake kawo mata. Yaranta kana yi musu Hausa suna amsa maka da Turanci, tana bin su da faɗa.

Ranar na zayyane mata komai a kicin, tana tuƙa tuwo ina kuka. Ta ajiye muciya.

"Yanzu ke Hajara, shekara biyu kina zaune da wannan a cikinki? To ai ba ke za ki faɗa masa ba. Yarinya ce ke a wurinsa. Babba za a tura, a yi magana ta manya. Bari Abban Fu'ad ya dawo."

Dakta ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai. Na yi masa bayanin shafi na bakwai sau biyu, har da zana duwatsu uku a bayan ambulan. Ya ce ya gane sarai. Ranar Alhamis ya saka babbar riga da hula, ya shiga mota ya tafi ofishin Farfesa. Allah ya saka masa da alheri, da zuciya ɗaya ya je. Sai dai shi ma ɗan gida ne, ba zai shiga ofishin dattijo ya ce masa ka yi kuskure ba. Da ya dawo ya ba ni labari yana murna. Ya ce sun gaisa sosai, an kawo shayi, ya faɗa masa ni marainiya ce a ƙasar, na baro ƙananan yara, ya roƙe shi a matsayinsa na uba ya sake duba lamarina da idon rahama, "musamman wajen shafi na bakwai ɗin nan da ke ba ta wahala."

Na ce, "Dakta, haka ka ce?"

"Haka na ce. Ai mai hankali ne, ya gane."

Ranar Litinin da safe Farfesa ya aiko a kira ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai ce in zauna ba.

"Hajara, kin turo a roƙa miki?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ban taɓa sa hannu a kundi don tausayi ba, kuma ba zan fara da ke ba. Ina sonki kamar 'yata, amma in abu ya fi ƙarfin mutum gara ya sani. Ba kowa aka yi wa wannan fanni ba. Kina da aikinki a gida, kina da yara. Ki yi tunani."

Ni dai ina da zuciya, duk gidanmu an sani, ladabi ne kawai ke danne ta. Da ya ce ba kowa aka yi wa fannin ba sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki har kunnuwana. Ni? Ni da na bi shafi goma sha biyun nan har na haddace su? Ban san lokacin da na ajiye jakata a ƙasa ba.

"Farfesa, na gane shafi na bakwai. Na gane shi sarai. Kuskure ne."

"Me kika ce?"

"Ɓangaren da ka yar ba ƙanƙane ba ne. In aka mayar da shi, sakamakon takardar bai tsaya ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki alli ya miƙo mini, ya nuna allo da haɓa. Na yi rubutu kusan awa ɗaya da rabi. Ya tsayar da ni sau uku da tambaya, na amsa, ban ce ƙila ba ko sau ɗaya. Da na gama ya zaro fensirinsa ya kwafe layi huɗu a takarda, ya ce in je, kada kowa ya goge allon.

Kwana tara ban ji daga gare shi ba. Ofishinsa a rufe, sakatariya ta ce yana aiki a gida. Na ce shi ke nan, na tozarta dattijo, na kuma kashe kaina. Har na fara raba 'yan tukwanena a raina, wannan na Anti Saude, wannan na yarinyar ɗakin taga. Ankul na mamak ya dube ni ya ce na koma roti da shayi, lafiya? Na ce lafiya lau.

A rana ta goma ya kira ni. Ya faɗa, idanunsa sun yi zuru-zuru, gaban teburinsa tulin takardu ne duk rubutun fensir. Wannan karon ya ce in zauna.

"Na bi ta hanya uku," ya ce. "Kin yi daidai."

Ban ji daɗi ba, wallahi ban ji ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Tun yaushe kika sani?"

Na so in rage. Na kasa.

"Shekara biyu da wata huɗu."

Ya cire tabarau ya ajiye. Na yi masa bayanin gidanmu, da yadda ake yi wa babba, da cewa duk ranar da na ce ban gane ba roƙonsa nake ya duba. Ya saurara har ƙarshe.

"Mu ma muna da irin wannan," ya ce. "A ƙauyenmu ni ma haka zan yi wa kawuna. Amma a ɗakin nan ban taɓa zaton ana yi mini ita ba." Ya mayar da tabarau. "A shekara biyun nan na koyar da takardar nan a aji sau huɗu. Na tsaya a taro na kare ta. Na ɗora wani yaro a kanta, yanzu yana shekararsa ta biyu. Na kuma rubuta a takardar hukuma cewa ɗalibar da ta fi kowa fahimtar aikina ba ta fahimce shi ba. Duk kina kallo, Hajara."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina kallon yatsun ƙafata, hawaye na ɗiga a kan jakata.

Ya jawo wata takarda. Ya ce kundina yanzu shi ne wannan gyaran, kuma ya fi wanda aka fara ba ni nesa ba kusa ba. Za mu rubuta takardar gyara, sunana a gaba nasa a baya. Ya riga ya je wurin kwamiti da kansa ya janye rahotonsa, ya faɗa musu dalili a gaban kowa. Sai dai abin da aka samu yanzu tushe ne kawai, ginin ba zai yiwu a wata biyar ba, ko da ba na barci. Ya nema mini ƙarin shekara ɗaya, sun amince, zai ɗauke ni mataimakiyarsa don in samu na zama, shi kuma ya ɗage ritayar da zai yi a ƙarshen shekara.

"Da kin faɗa a lokacin," ya ce yana miƙo mini biro, "da yanzu kina haɗa kaya."

Na sa hannu.

Asabar na jira, da la'asar ɗinmu, lokacin gari ya waye a Katsina kuma yara na gida. Na fita barandar bene inda waya ta fi kamawa, ana ta ruwa. Na faɗa wa Abdulhadi komai tun daga shafi na bakwai, abin da ban taɓa faɗa masa ba. Bai katse ni ba. Da na zo kan shekara ɗayar sai na ji ya ja numfashi.

"Hajara, shekara biyu kina ce mini kuna turawa."

"Ka yafe mini."

"Ni ba ni ne abin ji ba. Sadik ma ya girma, zai gane. Amma Nana tun bara na ce mata da babbar sallar nan za ki dawo gaba ɗaya. Ta faɗa wa 'yan ajinsu, ta faɗa wa malamarsu. Ni ba zan iya ba. Ga ta, ki faɗa mata da bakinki."

Na ji takun ƙafa, na ji numfashinta a waya. Shekararta bakwai yanzu. Ta gaishe ni tsaf, ina kwana Mama, an tashi lafiya, kamar yadda ake gaida baƙuwa. Na ce Nana, aikina bai ƙare ba, ba zan samu zuwa da sallar nan ba, sai ta baɗi in Allah ya yarda. Na riƙe ƙarfen baranda ina jiran kuka, na shirya lallashi, na shirya alkawarin 'yar tsana da takalmi.

"To," ta ce. "Allah ya kai mu."

Sai na ji muryarta ta yi nisa da wayar. "Baba, ungo. Ta gama."